Wusasa: Bin Sawun Likita Mila

Daga tashar Unguwa Uku a Kano na hau motar Zariya da sassafe. Tafiyar kimanin kilomita 150 ce, ta Kura da Kwanar Dangora da Tashar Yari. Mai zuwa Wusasa, unguwar da ke gefen Zariya, kada ya yi gaggawar sauka a Kwangila, don sai ya sake ratsa gari. Gara ya nemi motar da za ta zarce Kaduna, ya ce a sauke shi a Ɗan Magaji, daga nan babur ko keke-napep zai ƙarasa da shi cikin 'yan mintuna. Duwatsu ne ke fara yi wa baƙo maraba, na Wusasa kusa, na Kufena can gefe.

Abin da ya kawo ni shi ne sawun Walter Miller, wanda Zazzagawa ke kira Likita Mila. An haife shi a Ingila a 1872, ya karanci likitanci, ya shiga CMS, ƙungiyar mishan ta cocin Ingila. Hausarsa ba a nan ya fara koyonta ba, a Tarabulus ne, wajen fatake da mahajjata Hausawa. A 1900 ya biyo Bishop Tugwell, su biyar, suka taso daga Ikko har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su 'yan kwanaki su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu ya rasu. Sai a 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makarantar kwana ta yara maza.

Da isata na nufi cocin St. Bartholomew, wanda aka gina a 1929, shekarar da mishan ta baro birni ta dawo nan. Ginin ƙasa ne irin na Hausa, kuma a nan na fi daɗewa, domin wanda bai san aikin magina ba zai wuce abin kallo bai gani ba. Ana kwaɓa jar ƙasa da ciyawa, a bar ta ta ruɓa, a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya. Wajen ɗora bango ana jera shi tsini sama, a cike tsakani da ɗanyen kwaɓi, gindin bango ya yi kauri, yana sirancewa yayin da yake tashi. Matsalar ita ce rufi. Azarar giginya gara ba ta cinta da sauƙi, amma idan ta haura kamar taku shida ba matokari, nauyin ƙasa zai lanƙwasa ta. Shi ya sa magina ke ɗaura baka: a fito da azara daga bangon nan da na can, hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har su haɗu a tsakiya. Da haka ake samun zauren da zai ɗauki jama'a.

Ruwa ne abokin gabar irin wannan gini. Indararo ɗaya ya toshe, damina guda ta isa ta jiƙa kan bango har azara ta fara ruɓewa. Magina na da suna yin yaɓe da makuba, wato ruwan ɓawon ɗorawa, ko da katsi na marina, kuma ana sabuntawa. Siminti a kan ƙasa kuwa yaudara ce. Ba ya kama ta, sai ya tsage, ruwa ya shige ta baya ya rasa hanyar fita, bango na narkewa ciki waje na sheƙi.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne, Mila kansa bai yi wani zaman kirki a Wusasa ba. Ransa na cikin birni, bayan ƙaurar ma Kano ya koma. Wani ɗan mishan, Guy Bullen, shi ya riƙe sabon wurin. Mila ya duƙufa kan fassara, har Littafi Mai Tsarki ya fito cikakke da Hausa a 1932. Yana cikin waɗanda suka matsa wa Gwamna Lugga a riƙa rubuta Hausa da boko maimakon ajami. Mutum ne mai kaifin baki, kuma ƙorafe-ƙorafensa na cikin abin da ya kai ga tuɓe Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi aka kai shi Lakwaja. Wannan har yau ba a manta masa ba a birni.

A ganina, in ana batun waɗanda suka karɓi Kiristanci, ribarsa kaɗan ce. Mafi yawa daga zuriyar Isawa suka fito, wato masu girmama Annabi Isa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano, kuma ƙauyen da aka kafa musu a Gimi ciwon barci ya watsa shi. Makarantar ce ta yi 'ya'ya. Nan Barau Dikko ya taso, likita na farko ɗan Arewa, wanda babban asibitin Kaduna ke ɗauke da sunansa. Nan Ishaya Audu ya yi karatu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Yakubu Gowon ma nan ya girma.

Na leƙa asibitin St. Luke, sannan da la'asar na shiga birni ta Ƙofar Doka, na tambayi hanyar Durumin Maigarke, inda gidan mishan na farko yake. Mai neman kabarin Mila kuwa sai ya ƙara gaba zuwa Filato, domin a Bukuru ya rasu a 1952.