Kwanan baranda a Kano: yadda ake barci, ajiya da wanka

Wata tara na yi ina kwana a barandar shaguna tsakanin Fagge da bakin kasuwar Singa, daga ƙarshen Nuwamba 2022 zuwa Agusta 2023, da rana kuma ina dako. Duk wanda ya ji haka, abinci yake fara tambaya. A Kano wannan da sauƙi: ƙosai da kunu da safe, garau-garau ko ɗanwake da rana, in abu ya yi tsauri a jiƙa garin kwaki da ƙuli, ga abincin sadaka ranar Juma'a da lokacin azumi. Abin da ke karya mutum barci ne, da rashin inda zai ajiye kayansa ya juya baya.

Baranda ba a faɗa mata haka kawai. Kowane layin shaguna yana da maigadi, shi ne mai unguwar dare. Ka je wurinsa tun da sauran haske, ka gaishe shi, ka faɗi garinku da wurin da kake aiki. Nawa cewa ya yi, "Yaro, ba shaye-shaye, ba baƙo, kuma kafin masu shago su zo ka share wurin." Na ce, "To Baba." Wannan izinin shi ne kariyarka idan 'yan sintiri suka haska ka da tocila ƙarfe biyun dare, don kalma ɗaya daga bakinsa ta fi rantsuwarka goma. Lokacinka kuma ƙayyadadde ne: daga sha ɗaya, bayan an ja ƙofofi, zuwa kiran assalatu. Masallaci kuwa kada ka sa rai da shi sosai, yawanci ana kullewa bayan isha'i.

Wajen zaɓen wuri, duba inda iska ke bugowa, don iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, sai ka sa bango tsakaninka da ita. Nisanci bakin kwata saboda sauro da ɓeraye. Kada ka kwana kai kaɗai a lungu mai duhu, kada kuma ka raɓi dandalin masu shaye-shaye, domin ranar kame ba a tantancewa.

Sanyin Disamba da Janairu ta ƙasa yake shiga. Sabon shiga yakan tara komai ya lulluɓa, ya kwanta a kan siminti, ya tashi da ciwon haƙarƙari. Shimfiɗa ta fi bargo muhimmanci: buhu ɗaya a ƙasa don danshi, kwali mai kauri ninki uku a kai, irin na kwalin taliya ko na sabulu da ake samu a Singa, sannan tabarma in akwai. Wando biyu, safa, hular sanyi mai rufe kunne. Basilin a dunduniya da leɓe kowane dare, in ba haka ba faso zai tsage har ka kasa taka ƙasa da kaya a ka. Masu ƙona taya ko leda don jin ɗumi da tari suke wayar gari, kuma maigadi zai kore su, don wuta kusa da shago ba abin wasa ba ce a kasuwannin Kano.

Takalmi a ƙarƙashin kai ake sa shi. Waya da kuɗi a aljihun wandon ciki, ta ɓangaren da kake kwanciya a kai. Aljihun riga na gefe da reza ake yanke shi, ba za ka ji komai ba sai da safe.

Amma gaskiya bai kamata ka kwana da kuɗi ba. Mai shayi shi ne bankinmu, shi ne wurin cajin waya, shi ne adireshi in wani ya zo nemanka daga gida. Ni kullum da daddare nakan ba shi abin da ya rage, ya rubuta a littafi a gabana, ni ma in rubuta a takardata. Kuskuren da na gani da idona shi ne tara komai a hannu ɗaya: wani mai teburi ya tafi garinsu bikin ƙanwarsa, ya yi sati uku, masu ajiya suka zauna ba ko sisi. Ba cin amana ya yi ba, amma yunwa ba ta san wannan ba. Raba biyu, rabi wurinsa, rabi a asusun waya. Wannan asusun ya cece ni a farkon 2023 lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta ɓace, masu kaya suka koma cewa sai dai su tura. Ɗan dakon da ba shi da asusu ya sha ɗaukar kaya bashi. Takardar NIN, wato lambar shaidar zama ɗan ƙasa, ka naɗe ta a leda biyu ka ba mai ajiya, kwafinta kawai za ka riƙa yawo da shi.

Wanka ba ado ba ne, jari ne. Hajiyar da ta sayi katan goma tana duban 'yan dako biyar, mai tsabta take miƙa wa kayanta. Gidan wanka na kuɗi yana ko'ina kusa da kasuwa da tasha; je da sassafe kafin layi, da sabulunka da sosonka. Kaya kala biyu sun isa, ɗaya a jiki ɗaya a wanke, ka shanya inda idonka ke kai. Kada ka karɓi aron bargo ko tabarma, ta nan ƙazuwa da kwarkwata da kuɗin cizo ke yawo, kuma ƙazuwa in ta kama tsakanin yatsu, susar dare za ta cinye ɗan barcin da ya rage.

Damina ta fi hunturu wuya. Kwali in ya jiƙe ya tashi aiki, don haka da hadari ya haɗo ka naɗe shi cikin babbar leda ka jingine a bango. A watan Agusta akwai daren da a tsugune za ka ƙare shi, feshi na dukan ƙafarka. Gidan sauro da ƙusa biyu da igiya ake ɗaura shi, gefen waje a danne da dutse. Zazzaɓi in ya zo, a yi gwaji, in na cizon sauro ne a sha maganinsa na kwana ukun nan safe da yamma har ya ƙare, bayan an ci abinci. Da yawa sukan bari a rana ta biyu don sun ji sauƙi, su adana sauran, bayan sati biyu ya dawo ya kwantar da su. Ranar ciwo ba dako ba kuɗi, shi ya sa nake ware na abincin kwana uku da ba na taɓawa.

Barcin awa huɗu, rabinsa da kunne ɗaya a buɗe, yana taruwa a jiki. Sai ka ga kana faɗa a kan naira hamsin, kana manta shagon da aka aike ka. A nan ne wani zai miƙo maka ƙwaya ya ce tana sa ƙarfi. Tana sawa na kwana kaɗan, daga nan kuɗin ajiya ya koma can. Abin da ya riƙe ni ƙailula ce: bayan azahar, minti arba'in a inuwar masallaci, takalmi a ƙarƙashin kai.

Fita daga baranda tana buƙatar abu biyu, kuɗin haya a dunƙule, don masu gida na shekara suke so ko aƙalla wata shida, da wanda zai tsaya maka. Mu huɗu muka haɗa muka kama ɗaki ɗaya, muka ƙara la'adar dillali. Da mai gidan ya tambayi wanda ya san mu, Baba maigadi ne ya sa babbar rigarsa ya bi mu, ya ce wata tara yana ganin kwanciyata da tashina, ko allura ba ta ɓata a layinsa ba.