Sau huɗu ina cike fom kafin na gane inda matsalar take

Sai da na shekara bakwai a gidan rediyo kafin na hau jirgi da kuɗin wani, kuma wallahi ba rashin nema ba ne. Duk sanarwar horon 'yan jarida a ƙasar waje da aka jefo guruf ɗinmu na WhatsApp sai na danna, in zauna ina cike fom har ƙarfe ɗayan dare da datar aro, in tura, shiru kake ji. In sun kyauta su aiko imel ɗin nan mai farawa da yabo, wai sun ji daɗin karanta takarduna amma masu nema sun yi yawa. Sau huɗu ana min haka. Har na fara yarda da maganar da ake yi a ɗakin labarai cewa abin nan na 'yan Legas ne da 'yan Nairobi, mu masu aiki da Hausa ba ma cikin lissafi.

Abin da ya ɗan girgiza wannan tunanin shi ne 2017, da Amina Yuguda ta gidan talabijin na Gotel a Yola ta ci kyautar Komla Dumor ta BBC, wadda ake kai mutum Landan ya yi wata uku yana aiki da su. Yola fa. Na ce to ashe ba garin da kake ba ne matsalar, amma duk da haka ban gane tawa ba sai da wata babbar ma'aikaciyarmu da muke kira Anti ta ce in nuna mata abin da nake turawa. Ta karanta ta cire tabarau ta ce, "Kai yanzu ina rahoton nan naka na asibitin ƙauye da mata ke haihuwa da fitilar waya? Shi ka bari ka tura musu wannan?" Abin da nake turawa kuwa wasu rubuce-rubuce ne na Turanci da nake haɗawa cikin dare ɗaya don kawai in cike gurbin samfurin aiki, ni kaina ba zan karanta su sau biyu ba. Na ce Anti ai wancan da Hausa ne. Ta ce sai aka ce maka ba a fassara?

Ashe da yawansu suna karɓar aiki da kowane harshe in dai ka haɗa da fassara ko taƙaitawa da Turanci. Na tashi neman rahoton, babu shi. An yi wa kwamfutar studiyo fomatin saboda bairos, filashina kuma wani ya ara bai dawo da shi ba. Aikin rediyo haka yake, ka sha rana ka sha ƙura, a saka minti biyar, iska ta tafi da shi. Da kyar na samo shi a wayar wani mai sauraro da ya naɗa ya tura guruf ɗin garinsu, har da kukan akuya a bayan muryata. Shi na rubuce kalma bayan kalma na fassara na tura, kuma shi ya kai ni horon sati biyu a Turai.

Daga baya ne na fahimci abin ma kala-kala ne, kowane da wanda yake nema. Cibiyar Reuters da ke Jami'ar Oxford tana ɗaukar waɗanda suka kwana biyu a aiki su zauna wata uku ko shida kan bincike guda. Gidauniyar Nieman ta Jami'ar Harvard tun 1938 take, zangon karatu na shekara ake yi. Chevening ta Birtaniya digiri na biyu ne na shekara ɗaya, suna son ka yi aƙalla shekara biyu kana aiki, kuma sharaɗi ne ka koma gida shekara biyu bayan ka gama. Asusun Dag Hammarskjöld yana kai 'yan jarida New York lokacin babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya, amma daga shekara 25 zuwa 35, ni wannan ya riga ya wuce ni ina nan ina ƙorafi. Akwai DW Akademie, sashen horo na DW, a Bonn ta Jamus, akwai taron binciken ƙwaƙwaf da Jami'ar Wits ke shiryawa duk shekara a Johannesburg. Ni a da duk fom ɗaya nake musu, wasiƙa ɗaya, suna kawai nake canzawa.

Sai maganar "komai kyauta" da ake yi kan irin wannan horo. Tikiti da otal da abinci, eh. Amma fasfo kuɗinka ne, motar zuwa Abuja ko Legas neman biza kuɗinka ne, bizar Shengen ta shiga ƙasashen Turai kanta Yuro 90 ce tun 2024, wasu su ce ka biya za su mayar maka, kuma ba rasit ba kuɗi. Ni sai da na karɓi bashi wajen mai adashen ofis, aka mayar min bayan na dawo da wata biyu. In Afirka ta Kudu za ka, kar ka manta katin rigakafin shawara. Wasiƙar oga ma wani yaƙin ne, ta kwana tara a tebur saboda ana tambayar wa zai riƙe min shirin safe.

Can kuma na lura duk mai biya yana da abin da yake so a riƙa faɗa, wani sauyin yanayi, wani ƙaura ta ɓarauniyar hanya, wani a ga ƙasarsa da kyau. Ba laifi ba ne, mai kuɗi ne, amma na ga waɗanda suka dawo suka zama lasifikar wanda ya ciyar da su, kowane rahoto sai sun cusa kalmomin takardar horo ko da mutanen ƙauyen ba haka suka ce ba. Rabin manhajojin da aka koya mana ma sai da biyan dala da intanet mai ƙarfi. Abin da ya zauna min shi ne bin asalin hoto kafin a yaɗa shi, da rubuta wa ya faɗi me, a ina, yaushe.

Ranar da na dawo ofis tsaraba kowa ke tambaya, cakulan ya ƙare kafin azahar. Wani yaro ɗan bautar ƙasa ne kawai ya biyo ni har bakin get ya ce Yaya don Allah ka turo min link ɗin. Na ce zan turo, amma tukuna ina rahoton da ka yi jiya na 'yan kasuwar hatsi? Ya sosa kai ya ce yana kwamfutar studiyo.