Godiya Bayan Kare Kundina a Kan Asalin Naitirojinis

Alhamdu lillahi. Ranar Alhamis da ta gabata na kare kundin digirina na biyu a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da ke Katsina, kuma ya zama wajibi in fito fili in gode wa waɗanda suka tsaya mini har aikin ya kai gaci.

Mutane da yawa sun tambaye ni abin da na shafe shekara biyu ina bincike a kai. Kusan kashi 78 cikin ɗari na iskar da muke shaƙa naitirojin ce, amma tsiro ba ya iya cin gajiyarta kai tsaye, sai wasu ƙananan halittu irin su bakteriya sun mayar da ita amoniya, sinadarin da tsiro ke iya amfani da shi, ta hanyar wani enzayim (sinadarin jikin halitta da ke hanzarta irin wannan sauyi) mai suna naitirojinis. Aikina shi ne tattara ire-irensa na yau a kwamfuta, in bi salsalarsu kamar yadda masanin nasaba yake bin iyaye da kakanni, domin a gano siffar kakansu na farko. Iri uku ne, gwargwadon ma'adinin da kowanne yake aiki da shi: mai molibdinam da mai banadiyam da mai ƙarfe zalla, kuma salsalar ta nuna mai molibdinam ne ya fi tsufa. Wannan ya daɗe yana ba ni mamaki, domin molibdinam ya yi ƙaranci a tekunan da, kafin oksijin ta yawaita kimanin shekara biliyan 2.4 da suka wuce, alhali duwatsun Afirka ta Kudu da Ostireliya masu shekara biliyan 3.2 suna ɗauke da alamar aikin naitirojinis mai molibdinam.

Ina miƙa godiya ta musamman ga malamina mai duba aikin, wanda ya nuna mini binciken Betül Kaçar da abokan aikinta a Jami'ar Wisconsin ta Amurka, inda suka sake gina tsoffin siffofin wannan enzayim, suka dasa su cikin bakteriya mai rai, kuma siffofin suka yi aiki. Ya mayar mini da babi na uku sau huɗu, kowane shafi cike da jan biro, bai taɓa nuna gajiya ba. Haka kuma ina gode wa abokin karatuna da ya ba ni aron kwamfutarsa tsawon mako shida lokacin da tawa ta ƙone ana saura wata biyu in miƙa kundin.

Babbar godiyata ga Baba ce. A daminar bara, a gonarmu da ke kusa da Sandamu, na yi ta ƙoƙarin bayyana masa karatuna, sai ya sunkuya ya tumɓuko wake, ya kakkaɓe ƙasar, ya fasa ɗaya daga cikin 'yan ƙululun saiwar da farcensa. A cikin irin waɗannan ƙululun ne bakteriya masu naitirojinis suke zama. Cikinsa ja ne, kuma wannan jan shi ne sinadarin da ke kare enzayim ɗin daga oksijin, wadda take lalata shi. Ya ce shi ya sa tun zamanin kakansa ba sa barin gero shi kaɗai ba tare da wake ba, ba sa kuma sare gawo a gona. Hoton wannan saiwar na fara nuna wa masu jarrabawa.

Inna, wadda ta sayar da tunkiyarta domin kuɗin rajistata ta ƙarshe, Allah Ya saka miki da Aljanna. Allah Ya saka wa kowa da alheri, amin.