Murjanin amarya da kan uwar sarki

Jiya na daɗe a tsaye gaban wani kan tagulla a gidan tarihi na Birtaniya da ke Landan, na kasa matsawa. Kan Iyoba ne, wato uwar sarkin Benin, masarautar mutanen Edo da ke Najeriya, aikin ƙarni na 16. Wuyanta ne ya riƙe ni. Maƙeran sun jera murjani zobe bisa zobe, hular kanta kuma saƙar murjani ce mai tsini da ta lanƙwaso gaba. Sai da aka fara siffanta komai da kakin zuma, aka lulluɓe da yumɓu, aka narkar da kakin, sannan aka zuba ruwan tagulla a gurbinsa. Wane irin haƙuri ne wannan!

Nan take na tuna bikin wata ƙawata 'yar Edo. Ni na riƙe mata madubi ana ɗinke jan murjani a gashinta ɗaya bayan ɗaya, adon da suke kira okuku. Da aka saka mata na wuya sai ta daina dariya, ta miƙe kafaɗa saboda nauyinsa, mahaifiyarta kuwa hawaye kawai take sharewa. A ranar kyau kaɗai na gani, ban san adon fada ta ɗauka ba.

Wallahi zuciyata ta yi nauyi, domin a 1897 sojojin Birtaniya suka kwashe wannan kan da sauran kayan irinsa daga fadar Oba, wato sarkin Benin. Na kira ƙawar tawa tun ban bar ɗakin ba.