Ranar da na kasa fassara wa Kawu dokar inshorar lafiya

Kawuna tela ne a Fagge, kuma yana cikin mutanen da rediyo ba ta rabuwa da kunnensu. Wata rana bayan sallar magariba ya tare ni da tambaya: "Kai da ka yi boko, an ce inshorar lafiya ta zama tilas a kan kowa. To mu da ba ma ɗaukar albashi, a ina za a cire namu, kuma me za a ba mu idan mun biya?" Na ce masa, "Kawu, ku ba ni kwana biyu in duba dokar." Na ɗauka aikin awa ɗaya ne, sai ga shi na shafe mako ina jujjuya shafuka.

Abin da ya ji gaskiya ne. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar inshorar lafiya ta NHIS ta 1999, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan duk ɗan ƙasa. A ranar ce aka yi maganar talakawa miliyan 83 da wani asusu na musamman zai ɗauki nauyinsu. Wahalar ta fara ne daga inda na nemi sanin su wane ne waɗannan da dokar ta kira masu rauni. Dokar ta ambaci yara 'yan ƙasa da shekara biyar, da masu juna biyu, da tsofaffi, da masu naƙasa, da matalauta, amma ta ɗaure zancen da cewa gwargwadon yadda za a riƙa fayyacewa lokaci zuwa lokaci. Telan da ke ciyar da mutum tara, wanda kasuwarsa ba ta buɗewa sosai sai gab da Sallah, matalauci ne ko kuwa? Takardar da ke hannuna ba ta amsa ba, ta bar wa wasu su yanke daga baya.

Haka na tarar a Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba wa hannu. Sashe na 11 ya kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ya ce a zuba masa abin da bai gaza kashi 1 cikin 100 na asusun bai ɗaya na tarayya ba, har ya raba kuɗin dalla-dalla: kashi 50 ga mafi ƙarancin kulawar da ta kamaci kowa, 20 ga magunguna da alluran rigakafi, 15 ga gine-gine da kayan aiki, 10 ga ma'aikata, 5 ga taimakon gaggawa. Lissafi ya fita tsaf. Amma da na nemi ma'anar wannan mafi ƙarancin kulawa, sai dokar ta ce shi ne abin da minista zai ƙayyade bayan ya tuntuɓi majalisar lafiya ta ƙasa. Wato an faɗa maka nawa za a kashe, ba a faɗa maka ko maganin hawan jininka yana ciki ba, sai ka nemo wata takarda daban, ita ma ta tura ka ga tsarin taimakekeniyar lafiya na jiharka, irin wanda Kano ta kafa da dokarta a 2016.

Ba na ganin mugunta ce zalla. Mai tsara doka yana barin irin wannan ƙofa ne domin farashin magani da nau'in cututtuka suna sauyawa, ba kuma za a riƙa komawa majalisa duk shekara ba. Sai dai duk ƙofar da aka bari a buɗe, mai ofis take yi wa amfani, domin shi ke da ikon fassara, majiyyaci kuwa ba shi da jimla ɗaya da zai ɗora yatsa a kai ya ce wannan haƙƙina ne. Ko kundin tsarin mulki ma haka ya yi mana: sashe na 17 ya yi maganar wadata jama'a da kayan kiwon lafiya, sashe na 6 kuma ya hana kotu bin kadin alkawuran da ke cikin wannan babin.

A Amurka, inda lauyoyi suka yi yawa, kalmomi huɗu kacal na dokar lafiya ta Obama ta 2010, masu ma'anar "wadda jiha ta kafa", sun kai mutane har Kotun Ƙoli. Masu ƙara sun ce tallafin biyan inshora na mazauna jihohin da suka kafa kasuwar inshorarsu da kansu ne kawai. A 2015 alƙalai shida suka ce a duba manufar dokar gaba ɗaya, uku suka ce a tsaya a kan lafazi. Su da harshen dokar yake harshen uwarsu ke nan, balle Kawu da ko gaisuwa bai iya da Turanci ba.

Wuri guda ne na samu magana ƙarara, wato sashe na 20 na dokar 2014, wanda ya ce babu asibiti ko ma'aikacin lafiya da zai ƙi ba mutum taimakon gaggawa saboda kowane irin dalili, wanda ya ƙi kuma hukuncinsa tarar naira 100,000 ne, ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Wannan na rubuta masa da Hausa a bayan takardar awon kaya. Ya sa tabarau ya karanta sau biyu, ya ninke ya sa a aljihun gaba, sannan ya ce tambayarsa ta farko tana nan, in ci gaba da dubawa.