Fuwel sel a zafin Kebbi: a ba masu gumin shinkafa ruwan zafinsa

Fuwel sel na'ura ce da ke haɗa iskar haidurojin da iskar da muke shaƙa, ta fitar da lantarki ba tare da an ƙona komai ba. Nau'in da ya fi yawa, wato PEM, mai siririn tantani tsakanin faranta, yana aiki tsakanin digiri 60 zuwa 80 a ma'aunin Selshiyos, kuma kusan rabin ƙarfin da ke cikin haidurojin ne kawai ke zama lantarki. Ragowar zafi ne. Yawanci sai a sa lagireto da fanka su watsar da shi, alhali an biya kuɗinsa.

Ga lissafi. Na'ura mai kilowat 10 tana shan haidurojin kamar kilo 0.6 a awa, tana kuma fitar da zafi wajen kilowat 10. Idan aka kama kilowat 8 daga ciki, cikin awa 5 zai ɗaga ruwa lita 1,000 daga digiri 30 zuwa 65. Duk wanda ya san aikin gumi a Argungu ko Jega ya san amfanin wannan ruwa: da shi ake jiƙa shanshera kafin a turara ta. Itacen da ake ƙonawa don ɗumama ruwan jiƙo kenan ya ragu. Sai dai turarawar kanta tana buƙatar tururi, wato digiri 100 ko fiye, kuma PEM ba zai kai nan ba. Mai son tururi sai ya nemi wani nau'in fuwel sel da ake kira SOFC, wanda ke aiki a digiri 600 zuwa 1,000.

Wajen haɗa na'urar da tankin ruwan jiƙo ake yawan tafka ɓarna. Ruwan da ke zagaya cikin na'urar don sanyaya ta tatacce ne, an cire masa gishiri da ma'adinai don kada ya ɗauki lantarki. Ruwan burtsatse ko na gulbi ba shi da hurumin shiga can. Idan ya shiga, wuta za ta riƙa zurarewa ta cikinsa, farantan su fara cinyewa, ƙananan hanyoyin ruwan su toshe da ma'adinan da ke daskarewa. Don haka zagaye biyu ake yi, kowane da famfonsa, su haɗu a na'urar musayar zafi mai faranti ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Zafi ya ratsa, ruwa kuwa bai gauraya ba.

Kada a cire lagireto don an sa tanki. Da zarar ruwan tankin ya yi zafi, ya daina karɓa, na'urar za ta zafafa, tantanin da ke tsakanin farantan ya bushe, ƙarfinta ya faɗi. Bawul mai baki uku shi ke warware wannan: ya tura ruwa tanki, in tanki ya ƙoshi ya juya shi lagireto. Shi ne kuma ke hana akasin haka, domin idan ruwan sanyi ya janye zafi fiye da kima, raɓa na taruwa a hanyoyin iska ta shaƙe su. Tankin kuma a naɗe shi da abin riƙe zafi, in ba haka ba kafin asuba aikin ya koma baya.

Yanayinmu ma ya ƙara wa dabarar daraja. A watan Afrilu zafin Birnin Kebbi kan wuce digiri 40, tazararsa da ruwan na'ura ta ragu, fanka ta yi ta gudu tana cin wutar da aka samar. Duk zafin da tanki ya ɗauke, fanka ta huta da shi. Japan ta daɗe da gane haka. Tun 2009 ake sayar da Ene-Farm a can, wani fuwel sel mai ba gida wuta da ruwan zafi lokaci guda.

Akwai masu sa farfela a bakin bututun fitar iska don ta taimaka wa kwamfuresa, injin da ke hura wa na'urar iska, juyawa. A manyan na'urori masu aiki da matsin iska sosai, tana biyan kuɗinta. A mai kilowat 10, a ganina, asarar kuɗi ce. Gara a kula da filtar iska, musamman da hunturu: ƙura na toshe ta, injin hura iska ya ƙara jan wuta. A kuma nisanta mashigar iskar daga hayaƙin janareta, domin sinadarin sulfa da ke cikinsa yana lalata filatinam ɗin da ke jikin tantanin.