Abin da na koya a karatun littattafan Apikuni, Baturen da ya zauna da 'yan Pikuni

James Willard Schultz, wato Apikuni, ya rubuta littattafai 37, akasarinsu a kan mutanen Blackfoot, al'ummar da ke arewacin jihar Montana ta Amurka da kudancin lardin Alberta na Kanada. Na tsamo fitattu daga cikinsu na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya, da daddare idan gida ya yi shiru, don tsofaffin suna nan kyauta a intanet. Na shiga karatun ne da son labarin farauta da dawaki, amma tun ban yi nisa ba na ga sai da littafin rubutu da taswira a gefe.

An haife shi a 1859 a Boonville, jihar New York, a gidan masu hali. A 1877, yana saurayi ɗanye, ya bi jirgin ruwa ta Kogin Misuri har Fort Benton, inda ake hada-hadar fatun ɓauna. Ya kama aiki da wani ɗan kasuwa mai suna Joseph Kipp, ya koyi harshen Pikuni, wato reshen Blackfoot na Montana, har wani shugabansu, Running Crane, ya raɗa masa suna Apikuni. A 1879 ya auri wata 'yar Pikuni, wadda yake kira Natahki, suka haifi ɗa namiji a 1882, wanda ya girma ya zama mai zane da aka sani da Lone Wolf.

Da My Life as an Indian na fara, wanda ya fito a 1907, kuma har yanzu shi ne bakandamiyarsa a wurina. Mutumin ya iya kallo. Zai nuna maka yadda mata ke shimfiɗa fatar ɓauna a ƙasa su kafe ta da turaku, su durƙusa suna kankare ta, yadda ake yanyana nama a shanya, yadda ake tayar da zango a kwashe tantunan fata a ɗora wa dawaki. Zai zaunar da kai cikin tanti da dare, wuta a tsakiya, lofe yana zagayawa hannu zuwa hannu, tsoho yana ba da labari ba mai katse shi. Irin wannan bayani sai wanda ya ci ya sha da mutane, ya kuma ji abin da suke faɗa ba tare da tafinta ba. Natahki kuwa ya zana ta mace mai wayo da barkwanci da ra'ayin kanta, a zamanin da yawancin marubutan Turawa ba sa ko ambaton sunan matan 'yan asalin ƙasar. Ta rasu a 1903, kuma kana jin raɗaɗin rashinta a shafukan ƙarshe.

Sai dai littafin ba tarihi ba ne zalla. An fara buga shi kashi-kashi a mujallar Forest and Stream da sunan aro, Walter B. Anderson, kuma ya sauya wa mutane suna. Kipp ɗin nan shi ne Berry a ciki. Labaran da ya ji daga bakin wasu sukan shigo su zauna daram kamar a gabansa aka yi. Da na fahimci haka sai na tsaga shafin littafin rubutuna gida uku: abin da alama ta nuna ya gani da idonsa, abin da aka ba shi labari kuma ya faɗi mai labarin, da abin da ya yi kama da adon marubuci. Wannan tsagin ya gyara mini karatun baki ɗaya. Gida na biyu ne ya fi ƙima. Duk inda ya ce wane ne ya gaya mini, ya bar mutumin ya yi magana, to nan ne nake rage gudu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai yana cikin Blackfeet and Buffalo, wanda aka buga a 1962 bayan rasuwarsa. A nan ne wani dattijon Pikuni mai suna Bear Head ya ba da labarin safiyar 23 ga Janairu, 1870, lokacin da sojojin Amurka ƙarƙashin Manjo Eugene Baker suka afka wa wani zangon Pikuni a bakin Kogin Marias. Mutanen wani shugaba mai suna Mountain Chief aka turo su nema, amma zangon Heavy Runner suka samu, mutumin da ke zaman lafiya da gwamnati. Ya fito da takardar shaida a hannu yana ɗagawa, aka harbe shi. Maza da yawa sun tafi farauta, cutar agana tana cikin zangon, saboda haka mata da yara da tsofaffi ne suka fi mutuwa. Sojoji sun ƙirga gawa 173, wasu ƙididdigar kuma sun haura haka. Bear Head yaro ne a lokacin, ya fita neman dawaki sojoji suka kama shi, yana tsaye yana kallo aka hallaka danginsa. Na ajiye wayar a daren nan ban iya ci gaba ba. Kipp, ubangidan Schultz, yana cikin masu yi wa sojojin jagora ran nan. Sanin wannan ya sa na koma na sake duban duk inda Berry ya fito.

Taswira kuma ta koya mini wani abin da littattafan ba su faɗa da babbar murya ba. A 1885 George Bird Grinnell, editan mujallar da na ambata, ya zo yankin tafkunan St. Mary, Schultz ya yi masa jagora, suka riƙa sa wa duwatsu da ƙoramu suna. Bayan shekara goma, a 1895, Grinnell yana cikin wakilan gwamnati da suka ƙulla cinikin da 'yan Pikuni suka saki gefen duwatsun ƙasarsu a kan dala miliyan ɗaya da rabi. A 1910 wurin ya shiga gandun shaƙatawa na Glacier. Kafin cinikin, ɓauna ta ƙare ƙarƙaf, yunwar hunturun 1883 zuwa 1884 ta kashe musu mutum wajen 600, to ka ga da wane ƙarfi za su yi tayayya. Schultz ya yi kuka da ƙarewar ɓauna fiye da kowa, amma sana'ar fatun da ta kawo shi Montana tana cikin abin da ya ƙarar da ita. Ya so mutanen nan, ban yi shakkar wannan ba, ya kuma yi ta yi musu faɗa da jami'an gwamnati har tsufansa. Duk da haka littattafai irin su Blackfeet Tales of Glacier National Park na 1916 masu yawon buɗe ido suka fi amfana da su. A Signposts of Adventure na 1926 ya tattara sunayen wuraren da harshen mutanen, yana neman a riƙe su, kuma wannan aikin alheri ne. Yau akwai dutse da gangaren ruwa a gandun masu ɗauke da sunan Apikuni.

Littattafansa na samari, irin With the Indians in the Rockies na 1912, na bi su da sauri. Suna da daɗi, amma yaran Turawa ya rubuta wa, kuma idan ka karanta biyu ka san hanyar na uku.

Abin da ya fi yi mini amfani shi ne ɗaukar James Welch a tsakiyar karatun. An haifi Welch a Browning, cikin yankin Blackfeet, a 1940, mahaifinsa ɗan ƙabilar ne. Littafinsa Fools Crow na 1986 ƙagaggen labari ne a kan shekarun da suka kai ga kisan Marias, kuma kakar mahaifinsa tana cikin waɗanda suka tsira daga kisan. A wurin Schultz, kana tsaye kusa da baƙon da aka karɓa hannu bibbiyu, yana juyowa yana yi maka bayani. A wurin Welch ba mai juyowa. Mafarki da addu'a da tsoron abin da ke tafe duk suna gudana a matsayin rayuwa ta yau da kullum, Turawa ne baƙin da ake kallo daga nesa. Sannan littafin Welch mai suna Winter in the Blood na 1974 ya kawo ni ga jikokin: talauci, shaye-shaye, gonar kiwo, saurayin da bai san asalin kakansa ba. Schultz ya rubuta kamar ana jana'izar al'umma, alhali al'ummar tana nan da ranta, tana da majalisarta da kwalejinta a Browning, ana koya wa yara harshen a makarantu.

Mu ma mun san irin wannan a gida. Wani Bature mai suna Frank Edgar ya buga tatsuniyoyin Hausa masu yawa tun daga 1911, muna gode masa, amma ba mai cewa ya san Bahaushe don ya karanta Edgar kaɗai.

Wanda zai bi wannan hanya, shawarata ya fara da littafin 1907, ya tsallaka zuwa Fools Crow tun kafin daɗin bakin Schultz ya gama rinjayarsa, sannan ya dawo ga Blackfeet and Buffalo, inda muryoyin tsofaffin suka fi fitowa fili. Ya riƙe taswirar Montana, ya nemo Kogin Marias da Two Medicine da Fort Benton, don tazarar da ke tsakaninsu tana bayyana abubuwa da yawa. Schultz ya rasu a 1947 a Wyoming, aka kawo shi ƙasar Pikuni aka binne kusa da Kogin Two Medicine. Takardunsa suna ajiye a Jami'ar Jihar Montana da ke Bozeman, kuma su nake fatan leƙawa nan gaba, musamman wasiƙunsa, in ga yadda yake magana a kan mutanen nan idan ba littafin sayarwa yake rubutawa ba.